Akwati na Tara

Ranar da abin ya fara, yamma ce irin ta kullum. Rana ta sauka bayan ginin gidan tarihin, inuwarsa ta miƙe a hankali ta rufe tsakar gidan da ke bayansa, inda iyalin marigayin da ya kafa shi suke zaune. Maman Auta tana kwashe shanya. Ruwan shayi yana kan wuta. Darakta kuwa yana tsaye gaban madubi da takardu goma sha ɗaya a hannu, yana gwada jawabin da zai yi ranar Asabar, a taron tunawa da mahaifinsa, wanda ya cika shekara guda a ƙasa.

A faɗi gaskiya, ba wanda ya naɗa shi darakta. Shi da kansa ya kai ɗan katako wurin mai fenti, ya kafa shi a ƙofar ofishin ubansa tun ba a kwashe tabarmin zaman makoki ba. Amma mutum ya yi shekara talatin yana riƙe wa ubansa tsani, yana goge ƙura, ana kiransa "ɗan Tsoho" har furfura ta cika masa gemu, sannan a ce kalma ɗaya ma ba zai rubuta a ƙofa ba? Mutane dai ba su da adalci.

Yana kan shafi na takwas, inda sunansa ke fara fitowa, sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi.

Ya sauke takardun. Wata ta faɗo. Ba ruwan duwatsu aka yi ba, ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, da tazara a tsakani, kamar mai haƙuri ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Maman Auta ta tsaya da zani a kafaɗa tana ƙirgawa da leɓe. A ta tara aka daina. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta suka yi tsit, wutar da ke ƙarƙashin butar shayi ta mutu ba iska.

"Baban Auta," in ji matar, murya ƙasa ƙasa, "tara ne."

"To sai me? Da goma ce ki ce goma ce."

Ya faɗi haka ne, amma hannunsa ya kai kan ɗan makullin da ke rataye a wuyansa.

Ga abin da ya sa lambar ta taɓa shi. Gidan tarihin ɗakuna huɗu ne: tsofaffin ƙofofi, fitilu, sikeli, kekunan ɗinki, kayan noma da ba wanda ke riƙewa yanzu. Ƙananan kayan suna cikin akwatunan gilashi masu lamba, kowane abu da ɗan katinsa na bayani. Wanda Tsoho ya kasa gane aikinsa, sai ya rubuta masa: "Ba a san amfaninsa ba." A ɗaki na ƙarshe, wanda ya fi girma, daidai inda hasken taga ke sauka da yamma, nan akwati na tara yake. Babu komai a cikinsa. Shekara arba'in babu komai. Kullum in za a rufe, Tsoho yakan ɗaga murfinsa faɗin yatsa biyu ya ce, "Mun tashi, wuri naka ne." Da safe ya ƙwanƙwasa gilashin sau uku kafin ya mayar da murfin. Bayan rasuwarsa, Auta ce ta ci gaba. Ita ce jikar da ya koya wa rubutun kati, ita ke zagayawa da baƙi, ita kaɗai ce kuma a duniya take dariya in Darakta ya yi barkwanci. Sunan mahaifiyar Darakta ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai "Uwata".

To ana shirin taro, Darakta ya dubi akwatin nan ya ga asara. Akwati mafi kyau, a wuri mafi haske, an bar wa ƙura? Ranar Litinin ya shimfiɗa jan yadi a ciki, ya jera tabaran Tsoho, da alƙalaminsa, da hularsa, da takalmansa masu cinyayyen dunduniya, da haƙoransa na roba. Ya kulle. Ya kira mai hoto, aka buga hoton a katin gayyata ɗari biyu.

Yayarsa, wadda kowa a gidan ke kira Gwaggo, ta zo ta tsaya a kansa.

"Baba bai taɓa kulle akwatin nan ba."

"Yaya, Baba ai bai taɓa mutuwa ba sai wannan karon. Komai da farkonsa."

Shi kaɗai ya yi dariya. Ko Auta ba ta taya shi ba.

Tsakuwar ta faɗo ne ranar Talata. Ranar Laraba, da hasken yamma ya fara ja, katuna suka bayyana a cikin gida. Ba wanda ya ga lokacin da aka ajiye su. A jikin butar shayi: "Buta. Ta ƙarfe. Ta fi masu ita haƙuri." A bayan rigar maman Auta, an maƙala da allura: "Mace. An kawo ta da dariyarta, ta ɓace a wurin ajiya." Matar ta karanta, ta zauna a bakin gado. Darakta ya so ya yi dariya, sai ya ji abu na sukarsa a ƙeya. Ya ciro.

"Ɗan marigayi. Ba a san amfaninsa ba."

Rubutun Auta ne. Wannan jelar da take ja a ƙarshen harafi, duk garin ba mai ita.

Wani uban da tsoro zai fara ji. Darakta haushi ya fara ji, don ya lura katin butar ya fi nasa tsawo. Ya yi kan yarinyar da faɗa, ya kira ta mara kunya, ya lissafa mata abin da ya yi mata tun tana rarrafe. Ta tsaya tana kallon yatsunta da suka yi baƙi da tawada, hawaye na zuba.

"Wallahi Baba ban tuna ba. Na zauna zan cire takalmi, sai na gan ni a tsaye."

Ranar Alhamis ba a yi kati da yawa ba. Ɗaya ne.

Magariba ta kawo kai, gari ya yi wannan shirun da ko kare ba ya son karyawa. Maman Auta ta shiga falo da fitila ta tarar da 'yarta a tsakiyar ɗaki, a tsaye, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gefe, ido a buɗe. A ƙirjinta kati: "Kada a taɓa." Uwa ce, ta taɓa. Jikin sanyi ƙalau, santsi kamar gilashin da ya kwana a waje. Ƙuda ya sauka a gefen idon yarinyar, ya yi tafiyarsa har kan gira, ido bai ƙifta ba. Can daga cikin ƙirjinta sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga gilashi da farce.

Haka ta kwana, haka ta wuni. Maƙwabcinsu mai kantin magani ya zo ya riƙe tsintsiyar hannunta, ya ce lafiyarta lau, ya fita ya manta takalmansa, bai kuma aiko a ɗauka ba.

Juma'a da la'asar Gwaggo ta tafi ta zo da malam, tsohon abokin Tsoho, siririn dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a koyarwa, ba ya ɗauke da komai sai gorar ruwa a leda. Darakta ya tare su a bakin titi ya roƙi alfarmar su shigo ta ƙofar baya. Gobe taro. Masu kawo kujeru suna gaban gida. Shi ne za a ce bai damu da 'yarsa ba, alhali ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da ke kansa.

Malam ya zauna a ƙasa gaban yarinyar, ya buɗe gorar, ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta tsayawa. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka. Labule ya daina motsi. An daɗe a haka, har ƙafar Darakta ta yi sanyi, sannan leɓen Auta ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsoho ce, mai ladabi, irin ta ma'aikacin da ya daɗe a bakin aiki.

"Malam, sassauta. Ina ji. Ba kurma ba ne ni."

Maman Auta ta toshe bakinta da mayafi.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Maƙwabci. Na riga wancan mai makulli a wuya zama a gidan nan, in dai zaman hankali ake nufi."

"Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Rashin wurin kwana. A bakin wata ƙofa nake tun kakan kakanka bai iya tafiya ba. Aka rushe unguwar, abokinka ya ɗoro ƙofar a amalanke ya kawo nan, ni ma na biyo abina. Na dame shi kwana uku. Mutumin kirki ne, mai kai. Bai kira kowa ba, ya ce mini ga akwati, rana tasu, dare nawa. Shekara arba'in ko ƙwayar ƙura ban taɓa musu ba. Sai ranar Litinin na dawo na tarar da ɗakina a kulle, takalman mamaci a kan shimfiɗata, haƙoransa suna mini dariya ta gilashi. Na kwana a waje. Na yi sallama da tsakuwa, an ji, an ƙi. Na rubuto takarda, an zagi yarinya."

"Ita me ta yi maka?"

"Ba komai. Ita kaɗai ke gaishe ni. Shi ya sa na san ƙofarta."

Gwaggo ta fashe da kuka. Malam ya yayyafa ruwa, ya ɗaga murya, jikin Auta ya yi rawa tun daga ƙafa har wuya, wani sauti ya fito kamar gilashi na shirin tsagewa.

"Ya isa, malam, ya isa! Ita kake ƙonawa tare da ni. Ba na son jikinta, akwai zafi, zuciya kuma ba ta barin mutum ya yi barci. A buɗe mini akwatina a kwashe tarkacen, yanzu in fita."

Malam ya juyo ya miƙa wa Darakta hannu. Taku arba'in ne tsakanin falon da akwati na tara.

Darakta ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe," ya ce, yana kallon goshin 'yarsa don ya kasa kallon idon, "akwai akwati na uku. Ya fi faɗi. Zan sa maka fitila a ciki."

"Kai za ka koma ɗakin girki don ya fi faɗi?"

"To kwana ɗaya. An buga kati ɗari biyu da hoton akwatin nan. Manyan mutane za su zo. Ai kai ma ka ce Baba mutumin kirki ne, ba za ka so a kunyata shi ba."

"Kai!" in ji Gwaggo. "Ciniki kake yi a kan 'yarka?"

"Yaya, bari manya su yi magana."

Bakin Auta ya yi dariya, sauran fuskar ba ta motsa ba.

"Kunyar Tsoho, ko? To. Don darajarsa, da ta wannan malam da ya ƙona mini baya, zan fita yanzu in kwana a magudanar ruwa. Gobe, kafin rana ta bar bangon ɗakin, in tarar da akwatina a buɗe, babu komai ciki. In na tarar da shi a cike, ba zan sake shiga jikinta ba, malam ka shaida. Amma na kwana a cikinta, na ga yadda aka jera kayan, ɗaki ɗaki, kowane da katinsa. Yarinya mai tsari. Zan ɗauke abu ɗaya in bar wurinsa fanko."

"Wane abu?" in ji malam.

"Wanda ba a san amfaninsa ba."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta tafi za ta faɗi, uwarta ta tare ta. Da ta buɗe ido, ubanta ta fara nema. "Baba, ƙafafuna," ta ce, kamar 'yar shekara biyar. Ya durƙusa yana matsa mata su, kuma a yi masa adalci, ya yi hawaye na gaske.

A bakin ƙofa malam ya riƙe masa hannu.

"Ba yayarka makullin nan. Ko ka je ka buɗe yanzu."

"Malam, taro ƙarfe uku ne, biyar an watse. Rana ba ta barin bangon nan sai shida ta wuce. Shekara talatin ina kallonta."

"Ka ji abin da ya ce zai ɗauka?"

"Abin da ba shi da amfani. Allah na tuba, ai ya rage mata kaya."

Malam ya ɗauki ledarsa ya tafi. Darakta kuwa har ya kwanta yana jinjina wa kansa. Mutum nawa ne suka taɓa zama da aljani a kan ciniki suka tashi da ƙarin kwana?

Asabar ta zo da kyau. An jera kujeru a ɗaki na ƙarshe har cikin baranda, an lulluɓe akwati na tara da farin yadi wanda za a yaye bayan jawabi. Ƙarfe uku ɗaki ya cika. Babban baƙo, wani mai kamfanin fenti da ya yi alkawarin shafe ginin kyauta, bai iso ba sai huɗu da rabi. Wannan laifin Darakta ne? Sannan tsohon shugaban makaranta ya karɓi lasifika ya ce kalma biyu zai yi, ya yi ta ba da labarin yadda shi da marigayi suka ɗauko wani sikeli a cikin ruwan sama. Sannan wata mata ta yi kuka a madadin matan unguwa. Da aka kira Darakta, hasken taga ya riga ya bar kan farin yadin ya hau bango.

Ya fara. Muryarsa ta fita yadda bai taɓa jin ta ba. Shafi na uku, haske yana daidai agogon bango. Shafi na biyar, ya wuce agogon. Auta tana layin gaba, fuska a faɗe amma tana murmushi, da kofin ruwa a hannu ta riƙe masa. A shafi na bakwai ya ji an ja masa riga ta baya.

"Makulli," in ji Gwaggo.

Ya rufe lasifikar da tafin hannu. "Ba a yaye ba, Yaya."

"Dubi bango."

Ya duba. Abin da ya rage na rana bai fi faɗin tafin hannu ba, can kusa da silin, ja kamar garwashi. Da gudu ɗaya da murɗa makulli ɗaya, an gama. Sai dai mutum ɗari biyu za su ga darakta yana cusa haƙoran ubansa a aljihu. Kuma shafi na takwas ne a gabansa. Shekara talatin yana jiran shafi na takwas.

"Minti biyu," ya ce.

Ya karanta yadda marigayi ya dafa kafaɗarsa ya ce ba shi da magaji sai shi, maganar da ba wanda ya ji an yi ta, amma ai ba wanda ya ji an ce ba a yi ba. Aka yi tafi. Tafi na gaske, har mai kamfanin fenti ya miƙe tsaye. Darakta ya ɗaga kai ya sha tafin nan har ƙasan cikinsa, da ya sauke ido bango ya zama toka.

Tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan rufi. Ɗaya tak. Cikin hayaniya ba wanda ya ji sai mutum uku: shi, da Gwaggo, da maman Auta.

Aka yaye yadi, aka yi hotuna, aka watse. Yana ganin bayan baƙo na ƙarshe ya fizge makullin, ya buɗe, ya watsa kayan Tsoho a cikin yadin, ya ɗaga murfin ba ma yatsa biyu ba, gaba ɗaya. "Ga shi nan, ranka ya daɗe," ya ce yana haki, "ɗan jinkiri ne aka samu."

"Malam, yi haƙuri, mun tashi."

Ya juya. Auta ce a bakin ƙofa, da tarin makullan ɗakuna a hannu, da wannan murmushin da take yi wa baƙin da suka makara.

"Uwata, ni ne."

"Sannu da zuwa. Gobe ƙarfe tara muke buɗewa." Idonta ya sauka kan ƙunshin da ke hannunsa, murmushin ya ragu. "Don Allah ajiye wannan. Kayan kakana ne, ba a taɓawa."

Ta san uwarta. Ta san Gwaggo, ta san mai kantin magani har ta tuna masa takalmansa. Ta san lambar kowane cokali a ginin. Da Darakta ya biyo ta falo, sai ta ɓuya a bayan uwarta tana tambaya cikin raɗa me baƙon nan yake nema a cikin gida, kuma me ya sa yake kiranta uwarsa. Malam ya dawo ya yi karatu kwana uku a jere. A na ukun ya rufe gorarsa.

"Babu kowa a jikinta," ya ce. "Ni fitarwa na iya. Ban iya mayarwa ba."

Yanzu Darakta a ofis yake kwana, a kan benci, bayan ƙofar nan mai ɗan katako, don Auta ba ta runtsawa in akwai baƙon namiji a gida. Maman Auta tana aiko masa da shayi, ba ta kawowa da kanta. Gwaggo ba ta yi masa magana. Kuma har yau, abin da ya fi ci masa rai in ka zauna da shi, cikin mutum ɗari biyu da suka yi tafi ba wanda ya dawo ya ce masa jawabin ya yi kyau. Duk maganar yarinya ake yi.

Kullum da yamma, in Auta ta ɗaga murfin akwati na tara ta yi sallamarta ta fita, yakan lallaɓo ya tsaya a gabansa. Ya yi tayin na uku, ya yi tayin ɗakin gaba ɗaya, ya yi tayin ofis da katakon ƙofar. Gilashin ba ya cewa komai.

Babban hoton taron yana rataye a baranda. Auta ta yi masa kati, ta jera mutanen daga hagu zuwa dama, kowa da matsayinsa: babban baƙo, tsohon shugaban makaranta, 'yar marigayi, jikar marigayi. Da ta zo kan wanda ke tsakiya, mai sabuwar riga da makulli a wuya, sai ta rubuta: "Wani mutum. Ba a san ko wane ne ba."

Sau huɗu yana cirewa. Sau huɗu tana zama da safe ta sake wani, a nutse, da wannan jelar a ƙarshen harafi. Ya daina cirewa. In baƙi suka tsaya suna karantawa, yakan matso kusa da su, ya gyara hula, ya ce musu su dubi kyan rubutun.